Daga Maraɗi zuwa Jidda: awa nawa ne a sama?

Mai shirin umara daga Maraɗi, lissafinsa ba daga jirgi yake farawa ba. Sai ya fara cin kusan kilomita 660 na kwalta zuwa Yamai, ta Birnin Ƙonni da Doso, yini guda cur a mota.

Daga filin jirgin Diori Hamani zuwa na Sarki Abdul'aziz a Jidda kuwa, kusan kilomita 4,000 ne a miƙe. Babban jirgi yana gudun wajen kilomita 850 a awa. Ka raba, ka ƙara rabin awa na tashi da sauka, za ka samu awa biyar da ɗoriya. Amma miƙaƙƙiyar hanyar ta Cadi da Sudan take bi, kuma tun ɓarkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023 jirage da yawa zagaye suke yi. Mai yada zango a Addis Ababa ko Istanbul kam, ya shirya wa doguwar jira.

Inda mutane ke rikicewa shi ne agogo. Saudiyya ta riga Nijar da awa biyu, kuma lokacin sauka da ke kan tikiti na can ne. Ka tashi sha biyun dare, tikiti ya nuna bakwai da rabi na safe, awa biyar da rabi ka yi ke nan.

Harami kuma a jakar hannu ake sa shi, don a sama ake wuce miƙati, wato iyakar da ake ɗaura shi.