Yadda ake kwashe bayanai daga tsohuwar kwamfuta kafin ta ci amana

A shagunan buga takardu na Gumel, Ringim ko Wudil, har yau za ka tarar da kwamfutar gwanjo mai Windows 7, wani lokacin ma Windows XP, tana ɗauke da sakamakon ɗaliban Islamiyya na shekaru, da takardun sayen gona, da hotunan fasfo na rabin gari. Microsoft ya daina kula da XP tun 2014, Windows 7 kuwa tun Janairun 2020. Wannan bai hana su aiki ba. Abin tsoro shi ne faifan ajiyar da ke ciki, domin ƙarfe ne mai juyawa, ya sha ƙurar hunturu da zafin bazara da wutar janareta mai hawa da sauka, kuma ranar da zai tsaya ba ya sallama.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya tura fayil cikin filash, ya goge na kwamfuta, ya ce ya adana. Bai adana komai ba, matsuguni kawai ya sauya masa. Fayil yana da kariya ne in yana wuri biyu aƙalla, gara ma uku: kwamfuta, faifan waje (wanda ake sokawa ta ramin USB), sannan wani kwafi da ba ya kwana a shagon. Gobara, ɓarawo ko rufin da ya zuba da damina duk kan haɗa kwamfuta da filash ɗin da ke cikin aljihun tebur su tafi tare.

Fara duba lafiyar faifan ciki da manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce. In ta nuna shuɗi, da sauƙi. In ta nuna rawaya ko ja, ko kana jin faifan yana ƙas-ƙas, kada ka tsaya gyara ko sake ɗora Windows. Kwashe mafi muhimmanci tukuna, folda bayan folda, takardu kafin hotuna, hotuna kafin bidiyo.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ke wahalar da mutane ba su san dalili ba. Ramin USB 2.0 na tsofaffin kwamfutoci wutar milliamp 500 kawai yake bayarwa, shi kuwa USB 3.0, mai shuɗin harshe, yana ba da 900. Ƙaramin faifan waje mai inci 2.5 daga ramin yake shan wutarsa. In ba ta ishe shi ba, sai fitilarsa ta kama, ya yi ƙara, ya ɓace, ya dawo, mai shi ya ɗauka ya lalace. A kwamfutar tebur, soka shi a ramukan baya, waɗanda ke manne da allon injin kai tsaye, ka ƙyale na gaba. Yi amfani da gajeren kebul ɗin da ya zo da shi. In abin ya ƙi, nemi kebul mai kai biyu da ke jan wuta daga rami biyu. Babban faifai mai inci 3.5 kuwa da cajarsa ta volt 12 yake zuwa, don haka ɗaukewar wuta tana kashe shi nan take.

Kada a fara kwafi mai yawa da wutar NEPA sai da UPS, wato na'urar batir mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ko a laftof mai batir mai rai. A USB 2.0 gudun gaske bai cika wuce megabait 30 a daƙiƙa ba, wato giga 50 zai ci kusan rabin awa, ƙananan fayiloli masu yawa kuma sun fi haka jinkiri. A tabbatar man janareta zai kai.

Tsarin fomat, wato yadda aka shirya faifai ya karɓi fayiloli, shi ma yana da nasa tarkon. Filash da yawa da tsarin FAT32 suke zuwa, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4, shi ya sa bidiyon biki ke ƙin shiga alhali akwai sarari. In a Windows kaɗai za a riƙa soka shi, a mayar da shi tsarin NTFS, mai karɓar manyan fayiloli. Tsarin exFAT, wanda shi ma ke karɓar manyan fayiloli, yana aiki a Windows 7, amma XP ba ya gane shi sai an ƙara masa wani sabuntawa. Mai XP kuma kada ya sayi faifan da ya wuce terabait 2, domin manyan suna zuwa da tsarin GPT wanda XP na yau da kullum ba ya karantawa. Fomat yana share komai, don haka a yi shi tun faifan yana fanko.

Filash ɗin jabu ya cika kasuwa: a jiki an rubuta giga 64, cikinsa bai fi 8 ba. Zai karɓi kaya lami lafiya, sai ranar buɗewa a ga fayilolin sun zama shara. Manhajar H2testw tana cika shi ta sake karantawa, ta faɗi ainihin girmansa. A gwada shi a ranar da aka saya, tun mai shagon bai manta fuskarka ba.

Faifan wajen da ka adana kwafi a ciki ba na yawo ba ne. Filash ɗin da kwastomomi ke kawowa shi ke ɗauko bairos ɗin nan da ke ɓoye folda ya bar gajerun hanyoyi (shortcut) a madadinsu. Fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi. Kada ka danna gajerun hanyoyin. Buɗe cmd, wato baƙar tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* kana sauya E da harafin filash ɗinka, za su bayyana. Sai dai in ba a wanke kwamfutar daga bairos ɗin ba, gobe ma haka za a yi.

Bayan kwafi, danna dama a kan foldar asali da ta kwafi, ka kwatanta adadin fayiloli da girmansu, ka buɗe biyar ko shida daga wurare daban-daban. Sa wa foldar kwanan wata. Cire faifan ta alamar cirewa da ke kusa da agogo, kada a fizge. Shagon da ke aiki kullum ya maimaita haka duk Juma'a kafin a rufe. Takardu zalla, da yake ba su da nauyi, ana iya tura su waya da kebul a ɗora a Google Drive, mai ba da giga 15 kyauta, a inda sabis ya fi ƙarfi.

In kwamfutar ta riga ta mutu, sau da yawa faifan yana da rai. A kwance shi, a duba bakinsa: mai faɗi da ƙusoshi 40 (44 a na laftof) IDE ne, siririn kuma SATA. Akwai adafta mai haɗa kowannensu da USB, sai a soka a wata kwamfutar. In ta ce a yi fomat kafin a buɗe, a ƙi.