Tarihin Rayuwar Louis Armstrong, Kashi na 4: Shekarun Hot Five a Shikago

A makon jiya mun bar Louis a New York, cikin ƙungiyar Fletcher Henderson. A ƙarshen 1925 matarsa Lil Hardin ta ja shi ya dawo Shikago, kuma ranar 12 ga Nuwamba kamfanin OKeh ya fara naɗar faifai da sunansa. Su biyar ne: shi da ƙaramin ƙahonsa na konet, Johnny Dodds a kan kilarinet, Kid Ory a kan tarambon, Johnny St. Cyr da banjo, sai Lil a fiyano. Ba ganga.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, waɗannan biyar ɗin, wato Hot Five, kusan ƙungiyar ɗakin naɗi ce kawai. Abincin Louis a wani wuri yake. Da dare yana busa cikin makaɗan Erskine Tate a silimar Vendome, inda ake nuna finafinan da ba su da murya, makaɗa na zaune a ƙasan allo suna raka hoton da kiɗa.

Rashin gangar nan yana da dalili. A faifan farko ba makirufo. Makaɗa suna tsayawa ne gaban wani ƙaton mazurari, iskar sautinsu ta girgiza wani siririn marfi, marfin ya motsa allura, allurar ta yanka layi a kan kaki mai juyawa. Bugu ɗaya mai ƙarfi na babbar ganga yana iya sa allurar ta yi tsalle, kakin ya lalace. Ƙara da rage sauti kuwa da ƙafa ake yi: mai banjo ya matso kusa, mai ƙaho ya ja baya. Faifai mai inci 10 ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan daƙiƙu a fuska ɗaya, kuma ba a gyara kuskure, sai dai a ɗora sabon kaki a faro daga tushe. Don haka wanda ya ji sautin kamar daga cikin gwangwani yake fitowa, na'ura ce ta matse shi. Bakin mai busar lafiya lau yake.

Da naɗin lantarki ya zo, a Mayun 1927 aka ƙara Baby Dodds da ganguna da Pete Briggs da babban ƙahon nan mai suna tuba, ƙungiyar ta zama Hot Seven. Sai ranar 28 ga Yunin 1928, da Earl Hines a fiyano, aka naɗi "West End Blues", waƙar ubangidansa King Oliver. Louis ya buɗe ta shi kaɗai, ba mai raka shi, sannan kusa da ƙarshe ya riƙe sauti ɗaya mai tsawo har gaɓa huɗu na kiɗan kafin ya sako shi.

Nan masoya suke rabuwa. Wasu sun fi son faifan 1925 da 1926, inda ƙahoni uku ke saƙa da juna irin na New Orleans, suna ganin zuwan Hines ya mai da sauran 'yan rakiya. Ni ina tare da masu cewa 1928 ce ƙololuwa, domin a nan ne aka samu mai fiyanon da zai iya mayar wa Louis martani daidai wa daida.

Gardama ta biyu ta gudun faifai ce. Ana cewa juyi 78 a minti, amma injinan wancan zamani ba su tsaya cak a kai ba. Bambancin juyi huɗu zuwa biyar ya isa ya ɗaga sauti da rabin mataki, shi ya sa har yau ake musu kan ainihin muryar da aka busa "Cornet Chop Suey". Ta uku ita ce wanke ƙara. Masu sake fitar da tsoffin faifai sukan tace shuuu ɗin nan da kwamfuta, amma in aka matsa, kaifin ƙahon yana tafiya tare da ita. Shi ya sa da yawa ke yabon aikin John R. T. Davies na Ingila, wanda ya bar ƙarar kaɗan ya tsira da sautin.

Wanda Allah ya haɗa shi da ainihin faifan 78, ya kiyaye. Kada ya ɗora masa allurar LP, wato faifan baya-bayan nan mai dogon zango: bakinta ya fi siranta kusan sau huɗu, tana nutsewa ƙasan layin ta kwaso ƙara zalla. In garmaho ne irin wanda ake wanawa da hannu, allurar ƙarfe fuska ɗaya take yi a canza ta, in ba haka ba ta dakushe ta ci faifan. Wajen wanke faifan kuwa, kada a sa sifirit, yana narkar da shi. Ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke da burushi mai laushi sun isa, ban da jiƙa takardar tsakiya, a bar shi ya bushe sarai, a jingine shi a tsaye nesa da rana.

A 1929 Louis ya sake haɗa kayansa sai New York. Daga nan za mu tashi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.