Ni da agwagina

Wallahi ban taɓa zaton zan shaƙu da agwagwa haka ba. Guda biyu aka ba ni suna ƙanana, tun daga ranar duk inda na sa ƙafa suna biye da ni, in na shiga ɗaki sai su tsaya bakin ƙofa suna ɗan kukansu har in fito.

A satin farko na cika musu baho da ruwa, ashe ɗan agwagwa gashinsa bai samu man da ke hana shi jiƙewa ba tukuna, kawai na tarar da ɗaya ta jiƙe sharkaf tana rawar sanyi, na naɗe ta a tsumma na rungume har ta dawo hayyacinta, ranar ko abinci ban iya ci ba. Daga nan sai ruwa daidai inda za su tsoma kai su wanke hanci da ido.

Ƙazanta kam akwai, sau biyu nake canza musu ruwa kullum, amma ko a jikina. Yanzu macen tana kwanci, irin mai jan fuskar nan ce, kwana 35 take yi ba 21 irin na kaza ba, yau kwana 19 kuma kullum sai na leƙa ta.