Daga totuwar masara zuwa sobitol: inda aikin ke cijewa

Bayan kaka, totuwar masara da ƙaiƙayin shinkafa kan taru tuli-tuli a gonakin kewayen Jos, a cinna musu wuta. Abin da ke ƙonewa kuwa har da selulos, doguwar sarƙar gulukos da za a iya mayarwa sobitol, sinadarin da ke cikin man goge baki da maganin tari. Masana'antu daga sitacin masara da makamantansa suke yin sa, wato daga abinci. Shi ya sa nake ganin wannan hanya ta cancanci kulawar ɗalibanmu.

Aikin hawa biyu ne a tukunya ɗaya. Ruwan zafi ya tsinka sarƙar, gulukos ya fito, sannan katalis, wato abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da ya ƙare ba, ya haɗa shi da iskar haidurojin ya zama sobitol. A 2006 Fukuoka da Dhepe, a Japan, suka yi amfani da ƙarfen filatinam bisa alumina (sinadarin alminiyam da iskar oksijin) a matsayin katalis, zafi digiri 190 na Salsiyos, matsin haidurojin bar 50, awa 24, kashi 31 cikin ɗari na selulos ɗin ya juye: 25 ya zama sobitol, 6 ya zama manitol, wani ɗan'uwan sobitol.

Me ya hana ya wuce haka? Hawa na farko. Zaren selulos a cushe yake, ruwa ba ya ratsa shi, sai dai ya riƙa cin bayansa a hankali. Hawa na biyu yana da sauri, har da ƙyar ake ganin gulukos a ruwan tukunyar. Saboda haka saurin aikin duka na hannun tsinkar sarƙa, kuma ana lissafa shi daidai da yawan selulos da ya rage. Wanda ya ninka katalis alhali bai taɓa selulos ɗinsa ba, bai magance ainihin matsalar ba. Gara a fara niƙa selulos ɗin a injin ƙwallaye, mai niƙa da ƙwallaye masu tauri, har tsarinsa ya wargaje, ko da zai ci yini biyu.

Ƙara zafi na hanzarta tsinkar sosai, domin ƙarfin da take buƙata kafin ta motsa ya kai wajen kilojul 170 a kowane mol. Amma gulukos da bai samu haidurojin nan take ba lalacewa yake, ya zama baƙin dauɗa mai toshe katalis. Sobitol ma in ya daɗe yana zubar da ruwa ya koma wasu sinadarai dabam, sobitan da aisosobaid. Akwai lokacin da yawansa ke kai ƙololuwa. A nan ake tsayawa.

Ga mai gwaji: tukunyar matsi ta mililita 100, selulos rabin giram, katalis na ƙarfen ruteniyam bisa gawayi giram 0.2, ruwa mililita 50. A yi amfani da haidurojin a kore iskar da ke cikin tukunyar sau uku, a juya da ƙarfi don gas ɗin ya narke. Da lokaci ya cika a tsoma tukunyar cikin ruwan ƙanƙara, in ba haka ba aikin zai ci gaba, lissafin ya gurɓace. Alumina ba ta jure ruwan zafi, gawayi ya fi. Ɗanyar totuwa kuwa sai an cire mata lignin, sinadarin da ke taurara tsiro, tukuna, domin shi da salfa suna kashe katalis.