Ranar da muka jira inuwa ta ɓace a Sakkwato

Shekara biyu ina faɗa wa ɗalibaina 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare cewa akwai ranar da mutum zai tsaya a tsakar rana a Sakkwato inuwarsa ta shige ƙarƙashin tafin ƙafarsa. Suna rubutawa a littafi, suna haddacewa don jarrabawa, amma na san babu wanda ya yarda. Bara sai na ce bari mu fita mu gani da ido.

Lissafin ba wuya. Duniya a karkace take da digiri 23 da rabi, Sakkwato kuma tana wajen digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka sau biyu a shekara rana kan bi ta saman kanmu daidai: wajen 24 ko 25 ga Afrilu, sai kuma wajen 18 ga Agusta. Na Agusta ban dogara da shi ba, damina ce, hadari zai iya rufe mana komai. Na zaɓi Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, takalmin roba ma laushi yake yi a ƙafa.

Muka kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a filin makaranta. Na ɗaura ƙaramin dutse a zare na rataya gefenta don mu tabbatar a miƙe take, domin in ta karkata ko kaɗan aikin ya lalace. Wata yarinya ta ajiye gwangwanin madara a kan farar takarda, wani ya kawo kwalbar lemo. Na ce musu ƙarfe 12 daidai za ku sha mamaki.

Ƙarfe 12 ya buga, inuwa tana nan daram, ta miƙe wajen yamma. Muka auna, santimita 16. Yara suka fara ƙus-ƙus, wani daga baya ya ce, “Malam, ko dai ranar ce ta makara?” Aka kwashe da dariya. Gumin da ke keto mini a lokacin ba na zafi kaɗai ba ne.

Baba maigadi yana zaune gindin dogonyaro yana kallonmu tun ɗazu. Ya ce, “Malam, mi kuka nema cikin wagga rana?” Na yi masa bayani. Ya dubi sandar, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce ai zawali bai yi ba tukuna, ku ƙara haƙuri. Shi tun yana makarantar allo ya san cewa inuwa tana raguwa har ta kai iyakarta, in ta fara ƙaruwa ta ɓangaren gabas to lokacin azahar ya shiga. Bai taɓa haɗa wannan da ƙarfe 12 ba, ni ne mai takardar shaida na haɗa su.

Kuskurena shi ne na manta agogon Najeriya an saita shi ne da layin digiri 15 gabas, wanda ya ratsa ta wajen Injamena a Chadi. Sakkwato tana digiri 5 da ɗan wani abu gabas. Kowane digiri ɗaya minti huɗu ne, ke nan tsakiyar ranarmu tana makara da kusan minti 40. Abin haushin, kowane yaro a ajin ya san mutanen Maiduguri suna riga mu shan ruwa da azumi, dalilin kuwa ɗaya ne. Da da wannan na fara darasin, da ban sha kunya ba.

Muka koma inuwar bishiya, duk bayan minti biyar a tura mutum biyu su auna su yi alama da alli. Santimita 12, 7, 3. Da misalin 12:37 sai yarinyar mai gwangwani ta ƙwala ihu. Gwangwanin yana zaune a kan takarda ba inuwa ta ko'ina, kamar an zana shi. Yaran da ke dariya ɗazu suka riƙa tsayuwa cak suna leƙen ƙafafunsu.

Ni ba na cikin malaman da ke tsine wa waya. Da daddare a wayar na duba na gano inda lissafina ya karye. Sai dai na lura abin da yaro ya gani a waya kwana biyu ya manta, amma har yau in na ce zawali sai ajin nan su tuna gwangwanin madara. Sandar ma ba mu cire ba. Wasu yara uku suka ci gaba da aunawa kowane mako don kansu, su ne suka zo mini a watan Yuni da ƙorafin cewa inuwar ta koma kudu, alhali a watan Janairu arewa take kwanciya. Na ce su je su tambayi Baba maigadi tukuna, sannan su dawo mu zana a allo.