Albasar da ta koma qlbqsq

Kawuna dillalin albasa ne a Tawa, yana ɗauko ta daga Galmi yana turawa Yamai da Kwatano, kuma da lissafin bashi ya fi ƙarfin littafi sai ya sa aka sayo masa kwamfuta ta hannu daga Kano. Koya masa kunnawa da riƙe linzami bai ɗauke mu lokaci ba, in ban da yadda yake danna madannai kamar mai buga hatimi. Abin da ya ci mu shi ne kalmar sirri, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Kwamfutar da ta fito daga Najeriya madannanta na Ingilishi ne, wato QWERTY, amma mai gyaran da ya zuba mata Windows a nan ya sa mata tsarin Faransanci, AZERTY, kamar yadda aka saba a ƙasarmu Nijar. A wannan tsari A da Q sun yi musayar wuri, haka ma Z da W, harafin M ya koma kusa da L, sannan lambobin layin sama ba sa fitowa sai an haɗa da Shift. Ran farko Kawu ya zaɓi albasa2019, ya danna abin da idonsa ya gani, allo kuwa ya nuna masa ɗige-ɗige kawai. Abin da kwamfutar ta adana shi ne qlbqsqéà&ç, kalmar da ba na jin akwai ɓarawon da zai iya cankarta a duniya, balle mai ita.

Daga baya ya lura haruffa suna yi masa gardama, ya ce mini: "Ɗana, wannan na'ura ba ta jin Hausa," ya saba da neman A a kan Q, ya ci gaba da harkarsa. Ƙofar shiga kuwa ba ta taɓa ƙin buɗewa ba, tunda yatsansa wuri ɗaya yake dannawa kullum. Sai da wani jikansa mai son taimako ya mayar da tsarin zuwa Ingilishi, washegari kwamfuta ta ce ba ta san Kawu ba.

Mai gyaran bai ko dubi kusurwar allon ba, inda ake ganin FRA ko ENG a ƙasa ta hannun dama. Ya ce cuta ce ta shiga, sai an wanke komai, ya karɓi jaka biyar, ya wanke har da sunayen duk waɗanda Kawu yake bi bashin kakar albasa guda. Wasunsu masu tsoron Allah sun kawo kuɗin da kansu, wasu kuwa har gobe suna cewa a nuna musu a rubuce. Na gano gaskiyar ne lokacin da muke sa sabuwar kalma bayan ya sake zuba Faransancin, na danna ɗan idon nan da ke gefen akwatin kalmar sirri, sai ga qlbqsq tana kallona.

Saboda haka duk wanda na zaunar a gaban kwamfuta yanzu, kafin in nuna masa intanet sai ya buga harafin A ya gaya mini abin da ya fito. Ina koya masa danna madannin Windows tare da dogon madannin tazara don sauya tsari, da leƙa kalmar sirri ta wannan ido kafin ya amince da ita, da kwafe lissafinsa a kile USB kowace Juma'a. Idan mai gyara ya ambaci wankewa kafin ya dubi kusurwar nan, a ɗauke kwamfuta a yi masa sallama. Kawu dai ya koma rubuta bashi a littafi, yana kallon wa'azi a kwamfutar.