Abin da kontar ya faɗa min game da gidana

Shekara uku ina cika baki da gidan nan. Duk baƙon da ya zo mana unguwar Bobiyel a Yamai sai na kama hannunsa na ɗora a bango, in ce ya ji sanyi. Bulon ƙasa ne da aka matse da inji, da ɗan siminti kaɗan a ciki. A Dandaji na fara ganin irinsa, can jihar Tawa, inda Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka zana sabon masallaci, tsohon kuma aka mai da shi ɗakin karatu a 2018. Da tsakar rana na shiga, na ji kamar an tsoma ni cikin randa. Ina dawowa Yamai na ce ni ma da ƙasa zan yi gini.

Ƙanena mai aikin kuran ne ya kashe min baki. Ya taɓa bangon kamar kowa, sannan ya ce, "Yaya, sanyi kam akwai. Kilowat nawa gidan ke ci a wata?" Na yi shiru. Kuɗin faktir na sani, shi ma don yana min ciwo. Ya ce a Amurka akwai takardar shaida da ake kira LEED, ta gine-gine masu tattalin wuta da ruwa, kuma a tsarinsu na 2013 sai an sa wa gini ma'aunin wuta da na ruwa, mai shi ya yarda zai riƙa aika alƙaluma har shekara biyar. Wato su ma ba su yarda da shafa bango ba.

Sashe uku ne gidan: namu, na Inna, da na ɗan haya, duka kan kontar ɗaya, wato ma'aunin wuta na kamfanin NIGELEC. Ƙanena ya sa wa kowane sashe ƙaramin kontar, ya ƙara na huɗu a layin rumfar baya. Ni kuma na sayi littafi irin na ƴan lakwal, duk Juma'a in na dawo masallaci in rubuta lambobi.

A raina na riga na yanke hukunci. Ɗan haya yana da kilima, kuma kilima irin tasa tana jan sama da wat 1000, fanka kuwa da ƙyar ta kai 75. Shekara biyu ina amsa gaisuwarsa a daƙile. Da wata uku suka cika sai littafi ya kunyata ni. Bawan Allah da dare kawai yake kunna ta, shi ma sai a zafin Afrilu da Mayu. Wanda ba ya hutawa yana rumfar baya: tsohon firizan uwargida, na ƙanƙara da zoɓon sayarwa. Robar murfinsa ta saki, an jingina shi da bangon yamma inda ranar la'asar ke dukansa, injinsa na gurnani dare da rana, wata goma sha biyu. Na saba da ƙarar har na daina jin ta. Na je na ba ɗan haya haƙuri, ya yi ta mamaki, don bai ma san ana fushi da shi ba.

Na ruwa ya fi ba ni haushi. A kontar ɗinmu baƙaƙen lambobi mita ne, jajaye lita. Mita ɗaya lita 1000 ce, bido 40 ke nan na lita 25. Wani dare na bi na rufe kowane famfo, na haska da fitilar waya. Akwai wata ƴar tauraruwa a tsakiya, sai na ga tana juyawa a hankali, alhali gida kowa ya yi barci. Na rubuta lamba, da asuba na sake dubawa: kusan bido huɗu sun tafi. Tankin makewayin Inna ne, robar da ke toshe shi ta cinye, ruwa na silalewa ba ƙara ba ɗigo a ƙasa. Ruwan da aka ɗebo daga kogin Isa aka tace a Gudel, ya zo ya wuce masai ba wanda ya ko wanke hannu da shi. Da safen nan ɗan garuwa ya wuce ƙofarmu yana tura kurarsa, gumi har gwiwa. Ban iya kallonsa ba.

Na'urar nan mai hura iska ta cikin jiƙaƙƙen soso, da muka sa a falo, ita ma ta shiga littafi. Kuran kaɗan take ci, amma tana shan ruwa kamar raƙumi, kuma da damina ta faɗi ba ta da wani amfani. Duk da haka da riba, ban cire ta ba.

Tun Agustan 2023, da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana wuta, nake son sa farantan hasken rana. Ƙanena ya hana ni gaggawa. Ya ce da na saya a lokacin, da rabin kuɗin ya tafi wajen ciyar da firiza mai yoyon sanyi.

Firizan dai yana nan. Da na kai wa uwargida littafin, ta duba sama da ƙasa ta ce, "Malam, ka auna abin da yake ci. Wa ya auna cefanen da yake kawowa?" An canza robar, mun ja shi inuwa. Ita ma ta aiki yaro ya sayo mata nata littafin, tana rubuta cinikin ƙanƙara. Ƙarshen wata za mu haɗa su, kuma ta ce Inna ce alƙali.